Daga Tiya Zuwa KGM: Littafin Aikin Jadawalin Awo Na Sitonmu A Dawanau

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Kawu ya kira ni sito da sassafe, ya miƙo min wayarsa fuska a murtuke. Masu sayen riɗinmu na Turkiyya sun dawo mana da takardar cinikin kaya karo na biyu. Sun ce manhajar kamfaninsu ta ƙi karɓa saboda gurbin ma'auni. Mu dai MT muka rubuta, wato tan, kamar yadda akawun Kawu ya saba rubutawa shekara da shekaru, wani wajen kuma KG, wani wajen buhu. Sun ce mu sa lambobin Shawara ta 20.

Kawu ya ce, "Kai ɗan nan, ba don irin wannan ranar muka sa ka boko ba? Ka gano min mece ce ita, kafin kakar riɗi ta wuce mu."

To, aiki ya same ni. Abin da na ƙudura shi ne jadawali ɗaya a Excel da zai ɗauki kaya tun daga yadda muke sayensu a kasuwa har zuwa yadda za su bayyana a takardar da za ta tsallaka teku. Na sayi data ta naira 5,000. Zan riƙa rubuta abin da na yi a nan don kar in manta inda na kwana.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na samo fayil ɗin, kyauta ne. Hukumar Tattalin Arziƙin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNECE, mai mazauni a Jeniba, ita ce ke fitar da shi ta hannun sashenta mai suna UN/CEFACT. Tun 1985 aka amince da Shawara ta 20, ana ta yi mata gyara, wadda na sauke ita ce gyara na 17 na shekarar 2021.

Na zaci shafi ɗaya ne. Ashe lambobin sun haura dubu. Kowane ma'auni an ba shi lamba da ba ta wuce harufa ko alƙaluma uku ba, kamar lambar mota, ba ruwanta da yaren mai karatu. Kilo KGM ne. Giram GRM. Tan na kilo dubu TNE. Lita LTR, mita MTR, yadi YRD, dozin DZN. Akwai na awa, HUR, da na kwana, DAY, har da na wutar lantarki, KWH. A gefen kowace lamba akwai sunanta, da yawa kuma har da alamarsu, da adadin da za ka ninka don komawa ma'aunin duniya. Akwai kuma wani ƙaramin gurbi a farko da na kusa tsallakewa: idan ka ga D, an daina son a yi amfani da lambar, idan ka ga X, an soke ta. Kilomita ma sau biyu na gan ta, tsohuwa KTM da sabuwa KMT. Harafi ɗaya ya yi tsallen-baɗake.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Babu wuta tun dare. Ban taɓa komai ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Yau na ci dariya ni kaɗai har masu dako suka leƙo. Na nemi buhu a Shawara ta 20, sai aka nuna min wata 'yar uwarta, Shawara ta 21, wadda ke kula da mazubin kaya. A can ne BG yake nufin buhu, CT katan, DR duro, JT buhun garara, 5H buhun leda saƙaƙƙe irin wanda muke zuba riɗi. Sai idona ya faɗa kan lambobi biyu. A wannan jerin, KG ƙaramar ganga ce. MT kuma tabarma.

Wato a idon kwamfutar mutanen nan, shekarun nan tabarmi goma sha tara muke sayar musu a kowace kwantena, ba tan goma sha tara na riɗi ba. Lokacin da mutum ne ke karanta takardar, yana gane abin da muke nufi ya wuce. Yanzu da aka bar wa na'ura, ba ta san kara ba.

Na gaya wa Kawu. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Su da suka ci riɗin ai sun san ba tabarma suka ci ba."

Wani abin da na koya: idan dole sai ka ƙirga da buhu a gurbin ma'auni, ana ɗora harafin X a gaban lambar mazubin, sai BG ya zama XBG. Haka ake bambance shi da ma'auni na gaskiya. Na ga hikimar abin. Buhu suna ne na abin zuba kaya, ba ya gaya maka nauyin abin da ke ciki.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na tace lambobin zuwa goma sha huɗu, iya waɗanda kasuwancinmu ke taɓawa. Na yi jerin zaɓi a gurbin ma'auni yadda ba wanda zai iya rubuta nasa da hannu. Akawu bai ji daɗi ba, ya ce na ɗaure masa hannu. Na ce masa, "Baba, haƙuri za ka yi, ni ma na ɗaure nawa."

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Bayan an sauko daga masallaci na shiga ainihin matsalar, wadda babu ita a fayil ɗin Jeniba: tiya.

Kayanmu da yawa a kasuwannin ƙauye ake tattaro su, daga Jigawa musamman, kuma can da tiya ake awo, wani wajen da mudu. Yaran Kawu su dawo su ce sun sayi buhu kaza mai tiya arba'in. Ni kuma na so in rubuta a jadawali cewa tiya ɗaya daidai take da kilo kaza, kwamfuta ta ninka, shi ke nan.

Na ɗauko tiya ɗaya da sikelin tebur, na sa mutum uku suka auna min riɗi daga tsibi ɗaya. Na farko ya shafe bakin kwanon, ya ba ni kilo 1.9. Na biyu ya cika ya yi masa tozo, kilo 2.0 da ɗoriya. Na uku, wani dattijo da ya tsufa a harkar awo, ya kare gefen kwanon da hannu yadda ake yi wa mai saye na mutunci, ya zubo kusan kilo 2.2. Kwano ɗaya, riɗi ɗaya, rana ɗaya. A tiya arba'in, tsakanin na farko da na uku akwai kilo 12.

Sannan na zuba busasshen zoɓo a kwanon, nauyinsa ko kusa bai kama ƙafar riɗin ba. A nan na gane kuskurena. Tiya cika take aunawa, ba nauyi ba, 'yar uwar lita ce, ba ta kilo ba. Kuma a cikinta akwai abubuwan da ba a rubutawa: sanayya, gyara, da ko mai awon ya tashi da fara'a. Turawa ma suna da irinta. Na ga ma'aunin hatsinsu na bushel har iri biyu a jerin, BUA na Amurka mai lita 35.2, BUI na Ingila mai lita 36.4. Bambancinsu da tamu shi ne an tsayar da girman nasu a rubuce. Tiya kuwa kowace kasuwa da kwanonta.

Na goge layin da na tanadar mata. Tiya za ta zauna a shafin saye a matsayin bayani kawai, don Kawu ya san yadda aka yi ciniki. Lissafin da zai fita waje zai fara ne daga kan sikelin sito.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Tunda komai ya koma kan sikeli, sai na tuhumi sikelin. Na kira mai gyara, ya zo da duwatsun gwaji. Babban sikelinmu na ƙasa yana ƙara kusan giram 300 a kan kowane kilo 50, wato muna zuba ƙasa da abin da muke rubutawa. A buhu 380 na kwantena ɗaya, abin ya haura kilo ɗari. Kawu ya yi shiru, can ya ce ashe shi ya sa bara aka yi ta ƙorafin kaya ba su cika ba, shi kuma ya ɗora laifin a kan danshi.

Gyara da gwaji: naira 18,000. Kawu ya biya ba tare da ya taya ba, abin da ban taɓa gani ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Shigar da tsofaffin rasitai. Aikin gundura.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Excel ya yi min ɓarna a ɓoye. Kowane kaya na da lambarsa ta kwastam a tsarin HS na Hukumar Kwastam ta Duniya da ke Burasels, tsarin da ya fara aiki a 1988. Riɗi 1207.40, ƙaro 1301.20, citta wadda ba a daka ba 0910.11, zoɓo yana shiga ƙarƙashin 1211.90. Na shigar da su, na juya baya, ashe manhajar ta ɗauke su a matsayin adadi. Ta cinye sifilin ƙarshe na riɗi ya koma 1207.4, ta cinye na farkon citta ta koma 910.11. Ba don ƙanwata da ke taya ni karantawa ta ce, "Yaya, me ya sa wannan ta fi sauran gajarta?" ba, da haka za mu aika.

Maganin dai shi ne a mai da gurbin ya zama na rubutu tun kafin a shigar da komai. Na sake bin layi ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya. Na yi hakan ga duk gurbin da ke ɗauke da lamba.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Wannan ita ce ranar da gabana ya faɗi.

Wani dillali da ke Amurka ya turo tayin sayen riɗi kwantena ɗaya da farashinsa, ya rubuto "tan 19". Kawu ya ga farashin kowane tan ya yi ƙasa, ya fusata, ya ce a rabu da shi. Ni kuma da na zo shigar da tayin a jadawali, gurbin ma'auni ya ƙi wucewa sai na zaɓi lamba, kuma tan iri uku ne a gabana. TNE kilo 1,000. STN, ƙaramin tan na Amurka, laba 2,000, wato kilo 907 da ɗan ɗori. LTN, dogon tan na Ingila, laba 2,240, kilo 1,016.

Na tura masa tambaya ɗaya: TNE ko STN? Ya amsa cikin minti goma, STN.

Na zauna na buga lissafi. Tan 19 namu kilo 19,000 ne. Nasa kilo 17,236 ne da rabi. Tsakaninsu kilo 1,763, buhu 35 ke nan masu kilo hamsin-hamsin. Da mun amince da farashinsa muka loda namu tan ɗin, mun yi masa kyautar buhu 35. Da kuma muka ƙi shi saboda arha, mun kori ciniki a banza, don da na mai da farashinsa kan TNE sai ya zo dab da abin da Kawu ke nema. Ta kowane gefe asara ce, kuma ba wanda ya yi niyyar cutar wani.

Na kai wa Kawu takardar. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wato kamar buhun Dawanau da buhun ƙauye." Na ce, "Haka ne, Kawu." Ya ce, "To me ya hana ka faɗa haka tun farko?"

Daga nan na shiga tono, na ga wannan cuta ta cika jerin. Galan biyu ne, GLL na Amurka lita 3.785, GLI na Ingila lita 4.546. Oza biyu, ONZ ta kayan masarufi giram 28.35, APZ ta zinariya giram 31.1. Ita laba, LBR, sai a 1959 ƙasashen da ke amfani da ita suka daidaita ta a kan kilo 0.45359237. Gangar ɗanyen mai da muke ji a labarai kullum, BLL, galan 42 ce na Amurka, kusan lita 159. Har kumbon da Amurka ta harba duniyar Mas a ƙarshen ƙarnin da ya wuce, a 1999 ya salwanta saboda wani ɓangare ya yi lissafi da laba, wani da ma'aunin mita. Idan masu kumbo sun faɗa wannan ramin, ban ga laifin akawunmu ba.

Dokar da na kafa: duk tayin da ya shigo, da kowane irin ma'auni ya zo, jadawali zai mai da shi KGM kafin Kawu ya gan shi.

Talata, 26 ga Nuwamba

Cinikin na Amurka bai faɗa ba, a kan kuɗin jirgi aka rabu. Ba komai.

Litinin, 2 ga Disamba

Nauyin kaya zalla da nauyinsu haɗe da buhu. Na auna buhu goma marasa komai, kilo 1.2, kowane giram 120. A buhu 380, kilo 45.6 ke nan, kusan buhu guda na leda da ba riɗi ba. Mai saye riɗi ya saya, saboda haka takardar ciniki za ta ɗauki zallar kayan, jerin lodi kuma ya nuna duka biyun. Na gaya wa masu ɗinki a riƙa zuba kilo 50 cif na riɗi, nauyin buhun daban.

Layin takardar yanzu haka yake: adadi 19000, ma'auni KGM, mazubi 380 na 5H. Abu uku a gurbi uku. Da can duk a layi ɗaya akawu ke cusa su.

Man janareta na mako biyu: naira 9,000.

Alhamis, 5 ga Disamba

Na aika gwaji zuwa Turkiyya. Ya dawo. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na riga na bugi ƙirji a gaban Kawu.

Wannan karon lambobin lafiya lau. Waƙafi ne ya kayar da ni. Na rubuta 19,000 yadda muka saba. Su a can waƙafi ne ke raba cikakken adadi da ɓurɓushinsa, ɗigo kuma shi ke nuna dubu, nasu dubu goma sha tara 19.000 ne. Manhajarsu ta karanta kayanmu kilo goma sha tara, ta kwatanta da kuɗin da muka nema, ta tofar. Abin haushin shi ne na san wannan. Duk takardar da ta zo mana daga abokan cinikinmu na Maraɗi haka take, bisa tsarin Faransanci, kuma ban taɓa kawo shi a raina ba.

Na cire duk wani waƙafi daga fayil ɗin da ake aikawa. Adadi tsirara, 19000. A takardar da ake bugawa don idon mutum na bar tazara a maimakonsa, na kuma rubuta adadin da kalmomi a ƙasa, irin na cek ɗin banki.

Juma'a, 6 ga Disamba

Na sake aikawa. Shiru.

Talata, 10 ga Disamba

Ta shiga, Alhamdu lillahi. Saƙon layi ɗaya ne kawai daga magatakardansu cewa an karɓa. Na nuna wa Kawu, ya ce madalla, ya aiki yaro ya sayo min tsire na dubu biyu. Ladan mako biyar ke nan.

Tunda hannu ya faɗa, na ƙara sauran lambobin da takardun ke nema don kar a riƙa rubuta su da ka. Kuɗi: NGN, USD, da XOF na sefa. Tashoshin jiragen ruwa a tsarin UN/LOCODE, wanda shi ma Shawara ce ta UNECE, ta 16: Apapa NGAPP, Mersin TRMER. Danshin riɗi kuma da kaso cikin ɗari ake faɗarsa, lambarsa P1.

Litinin, 16 ga Disamba

Lodin kwantena ta farko da sabon tsari. Na tsaya a bakin ƙofa da takarda da biro, kowane buhu goma ana ɗora ɗaya a sikeli. Biyu sun yi ƙasa da kusan rabin kilo, aka farke aka cika. Masu dako sun yi ta gunaguni cewa na mai da lodin awa uku ya zama na biyar. Na saya musu ruwa da ƙosai, naira 4,000.

Ina jiran a rufe, sai na karanta rubutun da ke jikin ƙofar kwantenar, wanda na sha gani ban kula ba. Iyakar nauyinta kilo 30,480, a ƙasa laba 67,200. Na raba 67,200 da 2,240 a waya, ya ba ni 30 cif. Wato dogon tan na Ingila talatin ne ke laɓe a jikin ƙarfen, an sa masa rigar kilo.

Ejan ɗinmu na Legas ya kira ya tuna min da takardar tabbatar da nauyin kwantena, wadda dokar Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya ta wajabta tun 1 ga Yuli, 2016. Ba a ɗora kwantena a jirgi sai da ita. Wannan nauyi na uku ne kuma: riɗi da buhu da ita kanta kwantenar. Jadawalina ba shi da gurbinsa. Na ƙara a daren.

Juma'a, 20 ga Disamba

Abin da aka kashe zuwa yau: data 5,000 sau biyu, sikeli 18,000, mai 9,000, ruwa da ƙosai 4,000, buga takardu da manna su a leda 3,500. Jimla naira 44,500. Takardar lambobi goma sha huɗun tana manne a bango saman teburin akawu, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin TNE.

Zoɓo ya fara shigowa, kuma shi ne aiki na gaba. Ba shi da nauyi amma yana cin wuri, kwantena mai ƙafa arba'in takan cika tun nauyi bai kai ko'ina ba, saboda haka dole in shigo da MTQ, ma'aunin cikar wuri, in koyi lissafa shi daga girman buhu. Yana kuma rage nauyi idan ya ƙara bushewa a sito, sai an auna shi ranar shigowa da ranar lodi, a ajiye duka biyun da kwanan wata. Ban riga na san yadda zan tsara wannan ba tare da na rikita akawu ba.

Sannan Kawu ya yarda a saya wa yaran da ke zuwa kasuwannin ƙauye sikelin rataya guda biyu. Ya ce su ci gaba da saye da tiya, don manomi ba zai yarda a canja masa kwano ba, amma su rataya kowane buhu kafin a ɗora a mota su turo min adadin ta WhatsApp. Ranar Litinin zan shiga Sabon Gari in tambayo farashi.